XCOM 2 ya kashe mini ƙanina yana zaune yana kallo

Gaskiya ni ba mai son gem ɗin jiran layi ba ne, ƙwallo muka saba bugawa a bes ɗinmu nan Nima a Accra. Wani abokina ne ya dame ni da XCOM 2, wai tun 2016 ya fito amma har yau bai ga kamarsa ba, sai na zuba shi a tsohuwar laftof ɗin da na sayo a Circle. Fankarta ihu take kamar injin markaɗe amma dai tana ja.

Daren farko sai kiran asuba kawai na ji. Dara ce da bindiga, kowane soja motsi biyu gare shi, in ka gama baƙin halittun sararin samaniya da kake yaƙa su yi nasu kai kuma ka naɗe hannu kana addu'a. Da mutum 4 ake farawa, sai an yi nisa su kai 6.

Ni na jawo wa kaina, na zaɓi Ironman, inda wanda ya mutu ya tafi kenan babu komawa baya, sannan na sa wa mai takobina sunan ƙanina har da gemun da shi bai da shi. Sati biyu ina rainon sojan nan har ya zama kanar. Ranar yaron na gefena da waakye ɗinsa, macijiyar nan Viper ta fito, maharbina na nesa ya saita ta, allo ya nuna damar samun ta kashi 95 cikin 100 ce. Na danna. Wallahi harsashin sama ya yi! Ta zuro harshe ta fizgo kanar daga bayan katanga ta kanannaɗe shi, sojojin ADVENT, wato dakarun baƙin halittun, suka ƙarasa aikin. Yaron ya ajiye cokali ya ce "Yaya, wai kashi 5 ɗin ne ya ci ni?" Ga gurneti a hannun wani sojan, gurneti kuwa ba ya kuskure, rowa ce ta hana ni jefawa don kar ganima ta ƙone.

Da na ce gem ɗin ba shi da aibu, amma tsaya, agogon nan fa? A ba ka zagaye 8 a ce ka isa wurin ko ka faɗi, dole ka yi ta gudu kana faɗawa tarko, wannan kam yana ci mini rai. Kwana uku ban buɗe shi ba.

Jiya yaron ya sa na sake ƙirƙiro sojan mai sunansa, amma ya ce wannan karon maharbin nesa yake so, a ajiye shi can saman bene.