Fankokin shigar da iska ko na fitarwa: waɗanne ya kamata su rinjaya a akwatin kwamfuta?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya cewa yana da fankoki huɗu masu faɗin milimita 120, kuma ya rasa yadda zai raba su: ya sa uku suna zuƙo iska, ɗaya tana fitarwa, ko kuwa ya yi akasin haka, ganin cewa a Kano yake zaune, inda ƙura ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Malam, duka tsarin biyu suna sanyaya kwamfuta, amma hanyar da ƙura take bi a kowanne ta bambanta, kuma a nan ne ya kamata ka yanke shawara.

Idan fankokin fitarwa suka rinjaya, iskar da ke barin akwatin tana fin wadda fankokin gaba suke shigarwa, don haka sai akwatin ya riƙa cike giɓin ta kowace kafa da ya samu: ramukan baya da ke kusa da katin hotuna (wanda ke sarrafa hoton da ake gani a allo), bakin murfin gefe, har da gefen mashigar USB. Amfanin wannan tsari shi ne zafi ba ya daɗewa a ciki, musamman idan katin hotunan irin wanda yake zubar da zafinsa cikin akwatin ne. Illarsa kuwa ita ce babu ɗaya daga cikin waɗannan kafofi da ke da ragar tace ƙura, saboda haka da hunturu ya kankama, wajen Disamba zuwa Fabrairu, za ka tarar da garin ƙura mai laushi ya kwanta a tsakanin haƙoran ƙarfen da ke sanyaya furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta), inda tsumma ba ya kaiwa. Wannan ƙurar tana tare hanyar iska, tana kuma riƙe zafi, sai ɗan sanyin da aka samu da farko ya tafi daidai lokacin da bazara ta shigo, zafin gari ya haura maki 40.

Idan kuwa fankokin shigarwa suka rinjaya, iska tana yin yawa a ciki har ta riƙa tsiyayewa waje ta waɗancan kafofin da a da suke zuƙo ƙura. Kusan duk iskar da ke shiga sai ta ratsa ragar gaba, wadda za ka iya zarewa ka kakkaɓe cikin minti biyu ba tare da ka kwance ko da ƙusa ɗaya ba. Matsalar da ake samu a nan ita ce idan rinjayen ya wuce kima kuma mafita ta yi kaɗan, iska mai zafi takan tsaya tana juyawa a saman akwatin. A ganina, ga mai zama a ƙasarmu, wannan tsari na biyu ya fi, da sharaɗin rinjayen ya zama kaɗan: uku a gaba suna shigarwa, ɗaya a baya daga sama tana fitarwa, daidai bayan furosesa.

Sai dai ƙirga fankoki kaɗai ba ya isa, domin raga tana rage ƙarfin fankar da ke bayanta, kuma tana ƙara ragewa yayin da take toshewa. Saboda haka biyu a gaba da biyu a baya, ko da girmansu da gudunsu ɗaya ne, a aikace yakan koma rinjayen fitarwa. Hanyar tabbatarwa ba ta da wuya: ka kunna turaren tsinke, ka kusantar da shi ga ramukan baya yayin da kwamfutar take aiki kuma murfinta a rufe. Idan hayaƙin ya kauce waje, ka dace. Idan akwatin ya zuƙe shi, sai ka shiga BIOS (shafin saitin da ake buɗewa yayin kunna kwamfuta) ka ƙara gudun fankokin gaba ko ka rage na bayan, abin da ya fi sauƙi idan fankokin masu fil huɗu ne a majonarsu.

Wajen ɗaurawa, ka lura cewa fuskar da ke da sandunan da ke riƙe da motar fanka ita ce iska take fita ta wajenta, kuma fankoki da yawa suna da ƙananan kibiyoyi a gefe masu nuna haka. Idan daga baya ka ƙara fanka a rufin akwatin, ka sa ta can baya, domin wadda ke kusa da gaba tana janye iska mai sanyi kafin ta isa ga furosesa. Ka ɗora akwatin a kan tebur, kada ka bar shi a ƙasa ko a kan darduma, kuma duk ranar da za ka hura cikinsa da bulowa, ka kashe wuta, ka tare fukafukan kowace fanka da yatsa don kada ta juya fiye da ƙarfinta.