Zanen ya yi kyau, amma maganar fayil ta ɓata mini rai

Mai zanen nan ya iya aikinsa, wannan ba zan ɓoye ba. Duk wanda ya ga sabon tambarin da ke jikin robobin man shafawar da nake sayarwa sai ya tambaye ni wa ya zana. Shi ya sa rubuta wannan sharhi ya yi mini nauyi, don ina so in yabe shi, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai har yau.

A Instagram na same shi, bayan na daɗe ina leƙa shafukan masu zane. Abin da ya ja ni wurinsa shi ne yana nuna tamburan da ya yi a jikin kaya na gaske, a kan kwali da leda da riga, ba a kan farin fili kawai ba. Da na yi masa magana bai fara da batun kuɗi ba. Tambayoyi ya turo mini, masu yawa. Wace ce mai sayen kayanki? Me take amfani da shi kafin ta zo wurinki? Su wa kike gogayya da su? Ya ce in tara masa hotunan tambura da suke burge ni, da waɗanda ba na so ko kaɗan, in rubuta dalili a ƙarƙashin kowanne. Da na ce masa ni dai ina son abu mai kyau mai aji, sai ya ce, "Hajiya, kowa haka yake faɗa. Ki gaya mini abin da kike so mace ta ji a ranta idan ta ɗauki robar a hannunta." Wallahi wannan tambaya ta amfane ni fiye da yadda na zata, don a wurin amsa ta ne na gane cewa iyaye mata masu saya wa yara su ne mafi yawan masu ciniki da ni, ba 'yan mata ba. Duk mai shirin ɗaukar mai zane ya zauna ya yi wannan tunani kafin ya tura ko sisi, aikin zai fi sauri.

Na ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, ya kawo samfura, muka tsayar da ɗaya, ya yi gyare-gyare ba tare da ƙorafi ba. Ya gwada mini tambarin da baƙi zalla, ya ƙanƙantar da shi zuwa girman hoton fuska na WhatsApp don mu ga ko zai karantu. Ya kuma yi mini bayanin cewa koren da nake gani a waya da haske ake haɗa shi, tsarin RGB, ita kuwa na'urar ɗab'i da tawada huɗu take aiki, tsarin CMYK, don haka kore mai walƙiya yakan dushe a takarda. Ya ba ni lambobin launukan duka biyun. A lokacin nan da an ce in ba shi tauraro, biyar zan ba shi cif.

Sai ranar da na je maɗaba'a. Ina da baje koli a gabana, ina buƙatar babban allon talla da kwalaye da sitika. Na miƙa wa mai ɗab'in abin da aka turo mini, ya buɗe a kwamfuta, ya faɗaɗa shi zuwa girman allon, ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Ganyen nan mai lanƙwasa na cikin tambarin da muka sha wahala a kansa ya koma ƙananan murabba'ai, gefensa duk haƙora-haƙora, sunan kamfanin ya yi dishi-dishi. Ya ce, "Hajiya, ai wannan hoto ne kawai aka ba ki, PNG da JPEG. A waya za su yi, a nan ba za su yi ba. Ki ce ya turo na asalin, na manhajar zane ta Illustrator, ko SVG, ko PDF na bekta." Ya ƙara da cewa hoto ɗigo-ɗigo ne a jere, idan aka ja shi sai ɗigon ya fito fili, kuma aikin takarda mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci. Shi kuwa fayil na bekta layuka ne da lissafi, ko girman bango aka mai da shi ba ya fashewa. Injin da ke yanka sitika ma layukan nan yake bi.

Ina tsaye a wurin na tura wa mai zanen saƙo, hankalina kwance, ina ganin mantuwa ce. Amsar da ta zo ita ce fayilolin asali ba sa cikin cinikin da muka yi, kuɗinsu daban ne. Kuɗin da ya ambata kuwa ya kusa rabin abin da na biya tun farko.

Abin da ya ƙona mini rai ba kuɗin ba ne kaɗai. A cikin tambayoyin da ya turo da kansa akwai wadda ta ce: a ina za a yi amfani da tambarin? Na rubuta masa kwali, allon talla, sitika, har da ɗinkin zare a jikin rigunan ma'aikata. Ya karanta, ya ma yi tsokaci a kai. To mutumin da ya san cewa irin waɗannan ayyuka fayil na bekta suka fi buƙata, ba PNG ba, me ya hana shi buɗe baki ya faɗa? Takardar yarjejeniyarmu cewa ta yi za a miƙa tambari a kammale. Shi ne ɗan sana'a, shi ya san abin da mai ɗab'i zai nema. Na sani akwai masu zane da yawa da suke cajin fayilolin asali daban, kuma haƙƙinsu ne su sa wa aikinsu farashi. Amma a faɗa tun ana ciniki, lokacin da mutum zai iya cewa ya yarda ko bai yarda ba, ba sai an kai shi inda ba shi da mafita ba.

A wannan rikicin ne kuma wata lauya ta ƙara buɗe mini ido. Ta ce a dokar ƙasashe da yawa haƙƙin mallakar zane yana zama ne a hannun wanda ya zana, sai in ya miƙa shi a rubuce. Wato biyan kuɗin aiki kaɗai ba ya nufin tambarin ya zama naka ɗungurungum. Ni kuma ina da niyyar yi masa rajista a matsayin alamar kasuwanci. Babu layi ko ɗaya a takardarmu da ya taɓo wannan. Na biya ƙarin kuɗin, don lokaci ya ƙure, na kuma dage sai da ya rubuta ya sa hannu cewa ya miƙa mini haƙƙin. Bai yi gardama ba, bai ɗaga murya ba, ya turo komai a ranar. Allon ya fito tsaf, kwalayen sun yi kyau ƙwarai. Na ce a raina to tauraro huɗu, a bar kaza cikin gashinta.

Amma yanzu da nake rubutu sai ga maganar haruffa ta dawo mini, raina ya sake sosuwa. Sunan kamfanina akwai ƙ a ciki. Salon haruffan da ya zaɓa ba shi da ƙ, ba shi da ɗ, ba shi da ɓ. A cikin tambarin da hannu ya zana ƙugiyar, ta kuma yi kyau sosai, ba wanda zai gane. Sai dai wannan salon ne ya rubuta a ɗan littafin ƙa'idoji da ya ba ni cewa da shi za a riƙa rubuta komai. Ranar da yarinyar da ke taimaka mini ta zauna rubuta yadda ake amfani da man a bayan roba, duk inda harafi mai ƙugiya ya zo sai ya fito da wata siffa daban, siriri a tsakiyar masu kauri, wani wurin ma akwati ne babu komai ciki. Ga shi salon na saye ne, lasisin da sunansa yake, kuma lasisin amfani a kwamfuta daban yake da na sakawa a shafin intanet. Alhali akwai irin su Noto na kamfanin Google, kyauta ne, an yarda a yi kasuwanci da su, kuma haruffanmu duk suna ciki. Da Hausa muka yi magana da shi tun daga farko har ƙarshe. Ya san da Hausa zan rubuta wa masu sayen kayana. Wannan ma ya gani ya yi shiru.

Don haka tauraro uku. Idonsa na zane ya cancanci biyar, haƙurinsa wurin gyara ma haka, amma sau biyu yana ganin abin da zai cutar da ni a gaba yana barina in je in same shi da kaina.

Yanzu ina buƙatar zanen kwalin sabon sabulu, kuma gaskiya hannunsa nake so, don shi ya san tambarin ciki da waje. Na tura masa saƙo na ce kafin in ba da kafin alƙalami ina so in gani a rubuce cewa fayilolin Illustrator da SVG da PDF suna cikin farashin, haƙƙin mallaka zai dawo hannuna da zarar na cika kuɗi, sau nawa za a yi gyara, sannan a sauya mini salon haruffa zuwa wanda ke da ƙ da ɗ da ɓ, lasisinsa da sunana. Sauyin haruffan kuma na ce masa ba zan biya ba. Ya ce zai duba ya turo sabon farashi. Idan ya sake raba mini fayil da zane, wurin wani zan kai aikin.