Gwajin Ƙarfin Ji a Wani Asibitin Kunne a Kano

Na je wani asibitin kunne mai zaman kansa domin a auna ƙarfin jina, bayan na shafe shekaru ina aiki kusa da injin niƙa. Manufar gwajin ita ce gano sauti mafi rauni da kunne zai iya kamawa a aƙalla rabin lokutan da aka kunna shi.

An shigar da ni wani ɗan ɗaki mai hana ƙara shiga, aka sa mini abin sauraro a kunne, aka miƙo mini maɓallin da zan danna duk sanda na ji sauti. Ma'aikaciyar takan rage sautin da desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 10 duk sanda na danna, idan kuma ban ji ba sai ta ƙara 5, tana bin amo daga hertz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti) 250 zuwa 8000, kunne ɗaya bayan ɗaya. A nan ƙwarewarta ta bayyana, domin takan sauya tazarar da ke tsakanin sautukan yadda babu damar canka. Sau biyu na danna don na ɗauka bugun zuciyata ne sautin, kuma ta gane.

Sakamakon ya nuna jina ya raunana a hertz 4000, inda hayaniyar inji ta saba fara yin illa, har ya wuce desibel 20 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauka a matsayin iyakar lafiyayyen ji. Aibin wurin shi ne ƙugin janareto da ke ɗan ratsa bango, alhali ƙaramar ƙara ma tana iya gurɓata irin wannan awo. Zan koma a maimaita ranar da aka kawo wuta.