Gargaɗi ga masu ɗaukar sauti a Sakkwato kan dillalan makirufon jabu

Ina jawo hankalin 'yan uwana masu ɗaukar sauti a lokeshan, da furodusoshi, da ɗaliban aikin jarida, game da wasu dillalai da ke tallar kayan sauti a Facebook da zaurukan WhatsApp na masu sana'armu. Suna cewa kayan gwanjo ne daga Turai, wai wani kamfanin fim ne ya rufe yake karyar da su. Abin da suka fi ɗana tarko da shi shi ne makirufon Sennheiser MKH 416, wanda ake ɗaurawa a kan sandar bum, wato doguwar sandar da ake miƙa makirufo da ita kusa da mai magana, saboda sun san duk mai wannan aiki yana burin mallakarsa. Sabonsa ya kai kusan dala 1,000, su kuwa sukan sa masa kuɗin da bai kai rabin haka ba.

Dillalin zai turo hotuna masu kyau, har da kwali da takardu, sannan ya ce akwai wani mai saye a Kano da ke jira, don haka a tura kafin alƙalami yau idan ana so. Da kuɗi sun shiga, wani yakan rufe layinsa ke nan. Wanda ya fi haɗari shi ne mai cika alkawari, wanda zai ba direba saƙo a tasha, kaya su iso Sakkwato lafiya, mai saye ya buɗe ya ga abin da ya yi kama da na hoto, ya biya cikon kuɗi da farin ciki. An daɗe ana ƙera jabun wannan makirufo, kuma masu ƙera shi sun ƙware wajen kwaikwayon jiki da rubutu da kwali, har lambar da ke jikinsa sukan kwafa daga na gaske.

Ido ba ya raba su, sai kunne. Na gaske an ƙera shi ne don ya kama muryar da ke gabansa, ya danne yawancin abin da ke zuwa ta gefe, kuma wannan ne dalilin tsadarsa. Jabun kuwa yakan kwashe komai, ƙarar janareton maƙwabta da ta kabu-kabu da hayaniyar 'yan kallo, sannan ya ƙara da wani shuu na kansa wanda ake ji ƙarƙashin magana idan wuri ya yi tsit. A garin da ake aiki cikin zafin da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, da iska da ƙurar hunturu, irin wannan kaya ba ya jimawa kafin ya fara ƙarar tsartsatsi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne asarar ba ta tsaya ga kuɗin makirufo ba. Idan fim ne, ana iya kiran jarumai situdiyo su maimaita maganarsu, ko da yake hakan ƙarin kuɗi ne, kuma da wuya muryar ta dawo da zafin da aka yi wasan da shi. Amma wanda ya je Wurno ko Gwadabawa ya zauna da dattijo yana ba da tarihin garinsu, ko ya ɗauki hawan sallah ko karatun tafsiri, ba shi da damar cewa a sake. Sai a teburin edita ake gano ɓarnar, kuma sunan mai ɗaukar sauti ne ke ɓaci, dillalin kuwa babu wanda ya san fuskarsa.

Haka suke haɗawa da katin memori na jabu a matsayin kyauta. Katin zai nuna GB 128, alhali abin da yake iya ɗauka kaɗan ne, sai rakoda ta ci gaba da nuna tana aiki yayin da fayilolin ke lalacewa. Manhajar H2testw kyauta ce, kuma tana tona asirin irin wannan kati a kwamfuta.

Kada kowa ya yarda da cinikin biri a sama. Sautin gwaji da aka turo ta saƙon murya ba hujja ba ne, domin WhatsApp yana matse sauti, kuma babu tabbacin da wane makirufo aka ɗauke shi. A nemi dillali ya yarda wani amintacce da ya san aikin ya je da rakodarsa da wayar XLR (wadda ke haɗa makirufo da rakoda) da hedifon, ya kunna wutar fantom mai bolt 48 (wadda rakoda ke ba makirufon ta cikin wayar), ya yi magana ta gaba, ya juya makirufon gefe ya saurari yadda muryar ke raguwa, sannan ya yi shiru ya saurari hayaniyar na'urar kanta, in da hali a jera shi da wani na gaske. A tura hoton lambar da ke jikin makirufon ga kamfanin Sennheiser ko wakilinsa don tantancewa, a kuma duba ko sunan asusun banki ya dace da na mai shagon. Dillalin da ya ƙi waɗannan sharuɗɗa, ko ya fara cewa ana ɓata masa lokaci, a bar masa kayansa.

Wanda kuma aka riga aka cuta, ya adana hirarsu da rasit ɗin tura kuɗi da lambar asusun, ya sanar da bankinsa cikin gaggawa, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin hukumar EFCC da ke nan Sakkwato. Ya kuma daure ya faɗa wa abokan sana'a, domin da an gane waɗannan mutane sukan sauya suna da lambar waya su dawo zauren da hotunan da suka yi amfani da su a baya.