Gargaɗi ga masu mota: a kula da mai yawo da baƙin mai da filta masu araha

Assalamu alaikum jama'a. Ina wannan rubutu raina a ɓace. Yau kwana tara motata, Corolla, tana gareji an sauke inji, kuma duk a kan galan ɗaya na baƙin mai.

Akwai wani mutum da ke zagaya gareji-gareji da tashoshin mota a nan Kano, bayan motarsa cike da galan-galan na baƙin mai, filtoci, man birki da gaskit (abin da ake sawa a mahaɗar sassan inji don hana yoyo). Yana talla a WhatsApp ma. Zancensa ɗaya ne, wai ragowar kayan wani dila ne da ya tashi daga shago, shi ya sa ake karyar da su. Galan mai lita 4 haɗe da filta ya ba ni a ƙasa da kuɗin galan kaɗai a gidan mai. "Alhaji, wallahi orijina ne, duba sil ɗin," in ji shi. Na duba, murfi a liƙe, tambari lafiya lau, har da lambar kaurin mai, 20W-50, rubuce ɓaro-ɓaro. Na biya, aka yi juye.

Ba a yi sati uku ba na fara jin ƙarar ƙarfe da asuba in na tayar da mota, fitilar mai kuma sai ta ɗan jima kafin ta mutu. Na yi sakaci. A hanyar Zariya, gab da Kwanar Ɗangora, inji ya buga.

Da bakanikena ya buɗe saman inji, abin da muka gani kamar kwalta ne, baƙi ƙirin, ya daskare a kusurwoyi. Sai ya sa zarto ya yanka filtar a gabana. Takardar ciki 'yar kaɗan ce, ta lotsa ta yage. Robar nan da ke riƙe mai a cikin filta idan an kashe mota babu ita sam. Ita ce dalilin ƙarar asuba: kullum inji yana tashi a bushe na wasu daƙiƙoƙi, ƙarfe na cin ƙarfe, har mital, wato ƙarfen da babbar sandar inji (kiranshaf) ke juyawa a kansa, ya cinye ya ji wa sandar.

Bakaniken ne ya bayyana min yadda masu wannan harka ke haɗa abin. Suna bin yaran gareji suna sayen galan ɗin da aka juye, mai kyan jiki. Su samo tsohon man da aka zubar daga wasu motoci, wanda ake kira kwandem, su tace shi, su gauraya da ɗan sabo don launi, su ɗura, su buga sabon sil. Galan na gaskiya ne, abin da ke ciki ne guba. Nan jikina ya yi sanyi, domin ni kaina ban san adadin galan ɗin da na bari a gareji ba.

Don Allah duk wanda zai yi juye ya sayi mai a gidan mai ko wurin dilan da ya sani, ya karɓi rasit. Ka tsaya a buɗe a gabanka. Ɗiga kaɗan a farar takarda: sabon mai garau yake kamar zuma, ba ya warin ƙuna, ba ya barin baƙin gari. An gama juye, ka huda galan da wuƙa kafin ka tafi. Man birkin mai yawon nan kuwa ko kyauta kada ka karɓa, wannan maganar rai ce. Gaskit ɗinsa ma wani direban tasi ya sa a murfin saman inji, cikin wata guda ya ƙage, mai na tsiyaya a kan filogi.

Na kira lambar wanda ya sayar min da man ya fi a ƙirga, a kashe take. Galan ɗin da filtar da aka yanka suna wurina, ranar Litinin in sha Allahu zan kai su ofishin hukumar SON mai kula da ingancin kaya. Wanda ya taɓa sayen kayan mutumin nan ya juye man yau, kada ya jira cikar kilomita 5,000, ya kuma ajiye galan ɗin mu haɗa mu kai tare.