Saitin Twilight na gefen titi a Adum: labarin ya riƙe ni, bugun ya ɓata min rai

Littattafai huɗu ne a ɗaure cikin leda ɗaya, duka da baƙin bango: Twilight na 2005, New Moon na 2006, Eclipse na 2007 da Breaking Dawn na 2008, rubutun Stephenie Meyer ta Amurka. Irin saitin nan da ake shimfiɗawa a gefen titi a Adum da ke Kumasi, kun san su, kun kuma san kuɗinsu. Araharsu ce ke jan 'yan matanmu na Aboabo da Asawase idan sun dawo hutu daga makarantar kwana. Wanda na ɗauka, daga nesa ba ka raba shi da na asali. Sai an yage ledar ake ganin aibin.

A New Moon abin ya faru. Bella, yarinyar da labarin yake a kanta, da ƙawarta Alice suna tseren isa garin Volterra na Italiya kafin tsakar rana don su hana Edward, saurayin Bella, halaka kansa, wurin da duk littafin yake ta turo mai karatu zuwa gare shi tun farko. Na gama shafi na 432, na juya, sai ga 417 ya dawo. Shafi 16 aka maimaita, 16 kuma daga 433 zuwa 448 babu su gaba ɗaya. Wanda ya san aikin ɗab'i ya san dalili. Ba shafi-shafi ake buga littafi ba, babbar takarda ake bugawa a ninke ta, ta ba da shafi 16 ko 32, sannan a jera ninkin bi da bi a shafa gam. Mai jerawa ya ɗauki ninki ɗaya sau biyu ya tsallake na gaba, kuma babu wanda ya duba. Kaurin littafin bai canza ba, shi ya sa ko ka auna shi a hannu ba za ka gane ba. Da aka mayar wa mai sayarwa, cewa ya yi an riga an yage leda, kaya ya fita hannunsa. To ta yaya mutum zai ga shafi na 433 ta cikin leda? Wannan maganar ta fi ɓatan shafukan ƙona min rai, domin ledar an sa ta ne don kada a duba.

Amma kada a haɗa wannan da wani abu da ke wajen farkon littafin. Bayan Edward ya tafi ya bar Bella, akwai shafuka huɗu a jere da ba komai a kansu sai sunan wata: Oktoba, Nuwamba, Disamba, Janairu. Wannan ba kuskuren bugu ba ne, haka marubuciyar ta tsara, don ta nuna wata huɗu da yarinyar ta yi kamar ba ta raye. A ganina babu wurin da ya kai shi kyau a duk saitin. Kada ki je ki yi rigima a kansa.

Labarin kansa ya ba ni mamaki, gaskiya. Na zaci Turancin zai yi wa 'yar aji ɗaya a babbar sakandare nauyi, ashe mai sauƙi ne, jimloli gajeru, kuma bakin yarinyar ne ke ba da labarin, sai ka ji kamar ƙawa ce ke maka hira. Bella tana da shekara 17, ta koma wurin mahaifinta a Forks, wani ƙaramin gari mai yawan ruwan sama a jihar Washinton. Edward mai shan jini ne, amma ba irin mayen da muka sani mai kama kurwa ba. Shi da danginsa jinin dabbobi suke sha, ba sa barci, ba sa tsufa. An haife shi a 1901, ya daina girma a 1918 lokacin annobar mura. Jacob kuma, abokin Bella, rikiɗa yake yi ya zama kyarkeci, kamar yadda ake ba mu labarin masu rikiɗa kura. Duk wadda ta saba da littattafan soyayya na Kano masu aljani ya auri mutum, ba za ta ji baƙunta ba. Kuma har aka ɗaura aure a littafi na huɗu ba su keta haddi ba, abin da da yawa daga irin waɗannan littattafan ba su damu da shi ba.

Sai dai da na shiga Eclipse ra'ayina ya fara sauyawa. Tun a na farko saurayin yana shiga ɗakin yarinya da dare ba da saninta ba, yana kallonta tana barci. A Eclipse har ya cire wa motarta wani abu a inji don kada ta je wurin Jacob, littafin kuma yana gabatar da hakan a matsayin tsananin so. 'Yar shekara 14 da ta karanta wannan ba tare da babba ya ce mata komai ba, za ta iya ɗauka kishin da ke tsare mace shi ne ƙauna. Iyaye mata da yayye, wannan wurin yana buƙatar a zauna a yi magana a kai. Breaking Dawn kuwa ba na ƙananan yara ba ne sam: wurin da Bella ta haihu akwai jini da karayar ƙashi, ga kuma batun Jacob da jaririyar da har yau bai kwanta min ba.

Shi ma Breaking Dawn ɗin, bugun ya ci amanarsa. Ya haura shafi 700, gam ɗin da aka shafa masa kuwa siriri ne, da hunturu ya busa sai ya bushe ya tsage. An kuma matse rubutun can cikin tsakiya, dole sai ka danne littafin kafin ka ga farkon layi, kana dannewa bayan ya karye, ninki ya fara zubowa. Takardar ta yi laushi har rubutun baya yana leƙowa, tawada tana baƙanta babban yatsa.

Wanda zai saya duk da haka, ya sa a yage ledar a gabansa kafin ya biya ko ya tura kuɗi ta waya (MoMo). Ya bi lambobin shafi da yatsa, yana tsallake 16-16 daga farko har ƙarshe. Minti biyar ya isa littafi ɗaya. Ya buɗe mai kaurin a tsakiya ya saurara ko gam zai yi ƙara, ya goga yatsa a kan layi ɗaya ya duba. Idan mai kaya ya ƙi a buɗe, a bar masa abinsa. Tsohon kwafi na asali daga cikin na gwanjo, ko da bangonsa ya lanƙwashe, ya fi wannan sabon mai sheƙi nesa ba kusa ba. Na biyun farko zan iya ba 'yar shekara 15, na biyun ƙarshe sai ta ƙara girma. New Moon ɗina kuwa har yanzu da giɓinsa na shafi 16, sai da aka nemo aron wani kwafi daga Tafo kafin a san yadda suka shiga Volterra.