Kinabalu ko Puncak Jaya: wanne za ka iya hawa?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce kana karatu a Malesiya, kana so ka hau dutse kafin ka dawo gida, abokanka sun ambata maka Kinabalu da Puncak Jaya, kai kuma ka duba ka ga bambancin tsayinsu bai kai mita 800 ba, shi ne kake tambaya ko wahalarsu ɗaya ce. Sam ba ɗaya ba ce. Kinabalu na hau shi da ƙafata, shi kuwa ɗayan na daɗe ina bin tarihinsa.

Kinabalu yana jihar Sabah, a arewacin tsibirin Borneo, tsayinsa mita 4,095. Puncak Jaya yana yankin Papua na Indunusiya, a yammacin tsibirin Niyu Gini, tsayinsa mita 4,884, kuma duk duniya babu dutsen da ke kan tsibiri da ya kai shi. Don ka kwatanta da gida, Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Ɗakin kwanan da za ka sauka a tsakiyar Kinabalu ma ya ɗara shi.

Jikin duwatsun ne ya fara raba su. Saman Kinabalu falalen dutse ne shimfiɗaɗɗe, dangin Kufena ta Zariya, sai dai girman ba a magana. Puncak Jaya kuwa irin dutsen nan ne da ake yin siminti da shi, ruwan sama ya zaizaye shi har ya yi kaifi kamar aska, ya kuma miƙe tsaye kamar bango. Na farkon ƙafa ce ke kai ka. Na biyun sai da hannu da igiya da ƙugiya, kuma dab da ƙololuwa akwai wani wawakeken gibi da ake tsallakawa a kan igiyar ƙarfe, rami na hangame a ƙarƙashinka.

Hawan Kinabalu kwana biyu ne. Daga birnin Kota Kinabalu tafiyar kamar awa biyu ce a mota zuwa gandun dajin da dutsen yake ciki, a yanka maka takardar izini, a haɗa ka da ɗan jagora, don ba a barin kowa ya hau shi kaɗai. Za ka tashi daga ƙofar Timpohon, a mita 1,866, ka yi kilomita 6 kana taka matakala cikin daji zuwa Panalaban, inda ake kwana. Abin da ba na mantawa a wannan hanya shi ne 'yan dako, har da mata, ɗauke da tukunyar gas da buhun shinkafa a gadon baya, suna wuce mu muna zaune muna haki. Ƙarfe biyun dare aka tashe mu. Kowa da tocila a goshi, muka kama wata farar igiya da aka shimfiɗa a kan falalen, muna bin ta cikin duhu. Asuba ta riske ni a saman dutsen, yatsuna sun ƙandare, na yi sallah da rigar sanyi biyu a jikina, gajimare yana can ƙasa kamar an baza auduga. Kaina ya yi ta sarawa saboda ƙarancin iska, amma ba inda na buƙaci wata gwaninta.

Shi kuwa Puncak Jaya, isa gindinsa ma aiki ne. Ko dai ka biya jirgi mai saukar ungulu daga garin Timika ya ajiye ka a sansanin da ya haura mita 4,000, jikinka bai saba da iskar wurin ba, ko ka yi kwanaki kana kutsawa cikin kurmi da taɓo. Ga rikicin 'yan aware da sojojin Indunusiya, wanda kan sa a rufe hanya. Ga mahaƙar Grasberg a gefensa, ɗaya daga cikin manyan mahaƙun zinariya da jan ƙarfe na duniya, wadda ba a ratsa ta sai da izini. Kuɗin tafiyar ya ninka na Kinabalu sau da yawa.

Tarihinsu ma ya nuna haka. A 1851 wani jami'in Birtaniya, Hugh Low, ya isa saman Kinabalu bisa jagorancin wani mutumin ƙauyen Kiau mai suna Lemaing. Bai taka ainihin ƙololuwar ba, sai John Whitehead a 1888, amma sunan Low aka laƙaba mata. Abin yana yi mini ciwo, domin mutanen Dusun, 'yan asalin yankin, sun san dutsen tun kaka da kakanni, a wurinsu nan ne makomar rayukan matattunsu, amma wanda ya nuna hanyar sai ka tona kafin ka ji sunansa. A 1910 Lilian Gibbs, masaniyar tsirrai, ta zama mace ta farko da aka rubuta ta hau.

Puncak Jaya ya fi jan rai. A 1623 wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Holan, Jan Carstensz, ya hango ƙanƙara a kansa daga teku. Da labarin ya isa Turai aka yi masa dariya, wai ina ƙanƙara a ƙasar zafi. Turawa har yau da sunansa suke kiran dutsen, alhali mutanen Amungme, 'yan asalin yankin, Nemangkawi suke ce masa. A 1936 wasu 'yan Holan uku, Colijn da Dozy da Wissel, suka kai ga ƙanƙarar, bangon ya gagare su. A tafiyar nan ce Dozy ya gano dutsen ma'adinin da ya jawo haƙar da ta sauya rayuwar Amungme. Sai ran 13 ga Fabrairun 1962 Heinrich Harrer, mutumin Ostiriya, da abokansa uku suka taka ƙololuwar, shekara 74 bayan Whitehead. Ita kuwa ƙanƙarar da Carstensz ya gani, ɗumamar yanayi ta kusa cinye ta.

Kada ka ɗauka Kinabalu wasa ne. Ran 5 ga Yunin 2015 girgizar ƙasa ta zubo da duwatsu, mutum 18 suka rasu, cikinsu har da 'yan makaranta daga Singafo da 'yan jagora. Wannan ƙaddara ce ta rana ɗaya. A Puncak Jaya kuwa haɗarin kullum yana nan, ruwan sama da sanyi su kama mutum yana rataye a igiya, kamar yadda wasu mata biyu 'yan Indunusiya suka rasu a 2025 wajen saukowa.

Shawarata, ka tafi Kinabalu. Ka nemi gurbi tun da watanni, domin ana ƙayyade masu hawa a kullum. Ka riƙa hawan matakalar bene kafin ranar, ka sayi safar hannu mai kauri, kuma ka tanadi ƙarfin gwiwarka don saukowa, ni dai a nan na fi jin jiki.